Filin Tambaya da Amsa: Ina Mazaunin Sharaɗi, Cikin Zagaye Ko Wajensa?

Wasiƙun da suka iso mini a wannan wata daga unguwannin Kumasi sun taru kusan duka a kan matsala guda, wato yadda mai koyon rubuta manhajar kwamfuta zai haɗa sharaɗi da zagaye a wuri ɗaya ba tare da lissafi ya kuɓuce masa ba. Na ɗauki uku daga cikinsu, domin amsarsu za ta wadatar da sauran. Ga wanda bai bi mu tun farko ba, abin da muke kira zagaye shi ne umarnin da ke sa kwamfuta ta maimaita aiki, wanda ake buɗe shi da kalmar for ko while, shi kuwa sharaɗi shi ne umarnin da ke sa ta duba wani hali kafin ta zaɓi hanya, ana rubuta shi da if da elif da else. Misalan duka da harshen Python suke, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, saboda shi ne masu wasiƙun suke koyo.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba a Aboabo

Assalamu alaikum, Malam. Wata uku ke nan da na fara koyon Python a kwamfutar yayana. Mahaifiyata tana sayar da shinkafa da wake da gari a kasuwar Asawase, kuma tana da littafin da take rubuta waɗanda suka ɗauki kaya bashi. Na so in rubuta ɗan shiri da zai tara mata jimillar bashin, ya kuma ƙirga mata mutum nawa ne bashinsu ya haura sidi 50, domin su take fara bi idan wata ya ƙare. Jimillar tana fitowa daidai, amma ƙirgar kullum sifili take ba ni, alhali da idona ina ganin mutum biyu sun haura, kuma kwamfutar ba ta nuna mini saƙon kuskure ko ɗaya ba. Ga abin da na rubuta:

```
bashi = [20, 75, 10, 120, 45]
jimilla = 0
yawa = 0
for kuɗi in bashi:
    jimilla = jimilla + kuɗi
if kuɗi > 50:
    yawa = yawa + 1
print(jimilla, yawa)
```

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika ɗora karatunki a kan buƙatar gidanku, domin irin wannan koyon shi ne yake zama a kai. Kwamfutar ba ta nuna miki kuskure ba saboda ba ki karya ƙa'idar harshen ba. Umarnin da kika ba ta ingantacce ne, sai dai ba shi kike nufi ba. A Python, tazarar da ake bari a farkon layi ita ce take nuna wane umarni ne yake ƙarƙashin wane. Layin da ke tara jimilla kin matsar da shi ciki, saboda haka yana cikin zagaye, ana aiwatar da shi sau biyar, sau ɗaya ga kowane mai bashi, shi ya sa 270 take fitowa daidai. Layin if kuwa kin bar shi a bakin gefe, kafaɗa da kafaɗa da for, don haka kwamfuta ba ta isa gare shi sai bayan zagayen ya ƙare gaba ɗaya. A wannan lokacin ma'ajin da kika sa wa suna kuɗi, wato wurin da shiri yake ajiye adadi a ƙarƙashin wannan suna, ba ya riƙe da komai sai adadin ƙarshe, wato 45, kuma 45 bai haura 50 ba. Kin ma yi sa'a da sifili ya fito, domin da a ce 120 ne a ƙarshen jerin, da shirin ya ba ki 1, amsar da ke kama da gaskiya, kuma mai yiwuwa ne da kin karɓe ta ba tare da kin rubuto mini ba.

Ki tuna yadda mahaifiyarki take yi da littafin nan idan ta zauna da dare. Tana ɗora yatsa a kan suna na farko, ta dubi adadin da ke gabansa, ta tambayi kanta ko ya haura hamsin, in ya haura ta yi masa ɗan alama da biro, sannan ta sauke yatsa zuwa suna na gaba ta sake wannan tambayar. Tambayar tana tafiya ne tare da yatsa, layi bayan layi. Abin da kika rubuta kuwa kamar a ce ta bi littafin tun daga farko har ƙarshe tana tarawa, sai da ta kai sunan ƙarshe sannan ta tuna da tambayar, ta yi ta a kansa shi kaɗai. Gyaran bai wuce matsar da layi biyu ba:

```
for kuɗi in bashi:
    jimilla = jimilla + kuɗi
    if kuɗi > 50:
        yawa = yawa + 1
```

Yanzu za ki samu 270 da 2. Amma kada ki ɗauka daga nan cewa kowane sharaɗi a cikin zagaye yake zama, domin wannan ma wani kuskuren ne da nake yawan gani a wurin waɗanda suka taɓa faɗawa ramin da kika faɗa. Kafin ki rubuta if, ki tsaya ki tambayi kanki: shin wannan tambaya kowane ɗaya daga cikin jerin ake yi wa ita, ko kuwa sau ɗaya ake yi wa taron duka? Idan mahaifiyarki ta ce a gargaɗe ta in jimillar bashin ta haura sidi 200, wannan tambaya ce a kan taron duka, mazauninta wajen zagaye, bayan an gama tarawa. In kika saka ta ciki, gargaɗin zai fito sau biyu, ɗaya lokacin da jimilla ta kai 225, ɗaya lokacin da ta kai 270. Haka kuma layin nan da ke cewa yawa = 0 dole ya zauna a sama kafin zagaye ya fara, domin in ya shiga ciki, kowane zagaye zai share abin da aka ƙirga a baya, tamkar mai ɗiban ruwa da ke zubar da bokiti duk lokacin da ya dawo bakin famfo.

Tun da kin ce kayan abinci take sayarwa, bari in riga ki zuwa matsalar da na tabbata za ki haɗu da ita nan gaba, wato neman abu a cikin jeri. A ce jerin kayan shi ne shinkafa, wake, gari da mai, kina so shirin ya gaya miki ko akwai gari. Kusan kowane mai koyo yakan rubuta if da else duka biyu a cikin zagaye, ya ce in abin ya zo daidai a buga "Akwai", in ba haka ba a buga "Babu", sai allo ya cika da amsa huɗu: babu, babu, akwai, babu. Dalilin yana da kyau a tsaya a kansa, domin a ganina shi ne zuciyar wannan darasi. Kalmar "akwai" ana iya faɗinta da zarar ido ya faɗa kan abin da ake nema, amma kalmar "babu" ba ta halatta sai an duba ko'ina. Wanda aka aika ɗaki ya ɗauko maƙulli ba ya leƙa aljihun tebur guda ya fito ya ce babu. Saboda haka amsoshin biyu ba su da mazauni ɗaya: shaidar samu tana cikin zagaye, hukuncin rashi yana wajensa. Abin da ke haɗa su shi ne ma'aji guda da ke riƙe labari har zagaye ya ƙare:

```
kaya = ["shinkafa", "wake", "gari", "mai"]
an_samu = False
for abu in kaya:
    if abu == "gari":
        an_samu = True
        break
if an_samu:
    print("Akwai")
else:
    print("Babu")
```

Kalmar break tana katse zagayen nan take, domin babu amfanin ci gaba da nema bayan an samu. Python yana da gajeriyar hanya ta yin wannan aiki a layi guda da kalmar in, kuma za ki yi amfani da ita daga baya, amma ina ba ki shawara ki rubuta doguwar da hannunki sau da yawa tukuna, saboda ranar da abin da kike nema ya zama mai sarƙaƙiya, kamar mai bashin da ya haura sidi 50 kuma ya wuce wata biyu bai biya ba, wannan tsarin za ki koma wa. Na kuma ji daɗin ganin kin rubuta kuɗi da ɗ mai lanƙwasa a cikin shirin. Python 3 yana karɓar haruffanmu a sunayen ma'aji, sai dai ki kula ki riƙe rubutu iri ɗaya daga farko har ƙarshe, domin a wurin kwamfuta kuɗi da kudi abubuwa biyu ne dabam.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗalibin jami'a mazaunin Sawaba

Malam, barka da aiki. Ina shekarar farko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah. Na gwada rubuta shirin da ke kwaikwayon yadda waya take tambayar lambar sirri idan mutum zai tura kuɗi, ya ba mutum dama uku. In na shigar da lambar da ba daidai ba sau uku yana tsayawa kamar yadda nake so, amma in na shigar da ta daidai sai ya ce an buɗe, ya sake tambayata, ya yi ta yi ba iyaka. Ga shi:

```
gwaji = 0
while gwaji < 3:
    lamba = input("Shigar da lamba: ")
    if lamba == "4821":
        print("An buɗe")
    else:
        gwaji = gwaji + 1
```

Amsa

Barka kadai, ɗana. Zagayen for yana da iyaka tun daga haihuwarsa, domin jerin da yake bi yana ƙarewa, amma zagayen while ba shi da iyaka sai wadda kai ka gina masa. Yana ci gaba muddin sharaɗin da ke bakin ƙofarsa gaskiya ne, kuma a naka shirin sharaɗin shi ne gwaji bai kai 3 ba. Da ka saka if da else a ciki, ka raba hanyar gida biyu. A reshen else akwai abin da ke matsar da gwaji zuwa 3, amma a reshen if babu abin da ke canzawa ko kaɗan, sai shirin ya buga saƙo, ya koma bakin ƙofa, ya tarar da gwaji yana nan inda yake, ya sake shiga. Ka ƙara break a ƙarƙashin layin da ke buga "An buɗe", daidai da tazararsa, matsalar ta ƙare. Abin da nake so ka riƙe shi ne ka bi kowane reshe da ke cikin while ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar ko dai yana fita daga zagayen, ko yana canza abin da sharaɗin ƙofa yake dubawa. Reshe guda da ya rasa duka biyun ya isa ya tsare shirin har abada. In hakan ta faru kana gwaji, danna Ctrl da C tare yana katse shi.

Kada ka ɗauka wannan kuskuren 'yan koyo ne kawai. Ranar 31 ga Disamba, 2008, na'urorin sauraron waƙa na Zune masu girman gigabait 30, waɗanda kamfanin Microsoft ya yi, sun daskare a hannun masu su a ƙasashe dabam-dabam cikin yini ɗaya. Umarnin da ke lissafa kwanan wata a cikinsu yana ɗaukar yawan kwanakin da suka shuɗe tun daga 1980, yana zare shekara ɗaya bayan ɗaya a cikin zagayen while da ke ci gaba muddin sauran kwanaki sun haura 365. A cikin zagayen akwai sharaɗin da ke cewa in shekarar mai kwana 366 ce, to a zare ta idan sauran kwanaki sun haura 366. Shekarar 2008 mai kwana 366 ce, kuma a ranarta ta ƙarshe sauran kwanakin 366 ne cif. Adadin ya haura 365, don haka zagaye bai tsaya ba. Bai haura 366 ba, don haka ba a zare komai ba. Kuma ba a tanadi wani reshe domin wannan hali ba. Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a bar batirin ya ƙare, a jira har bayan tsakar ranar 1 ga Janairu, 2009 a agogon GMT, wanda shi ne agogonmu na Ghana, sannan a sake caji. Ka ga irin reshen da ba ya fita kuma ba ya canza komai, wanda ya yi kwance tsawon lokaci ba a gan shi ba sai da rana ɗaya tak ta bi ta kansa.

Abu biyu kuma a taƙaice. Ka yi daidai da ka sa 4821 tsakanin alamun zance, domin abin da input yake dawowa da shi rubutu ne ba adadi ba, kuma da ka cire alamun da lambar ba za ta taɓa zuwa daidai ba. Sannan wannan shiri na koyo ne kawai. Kada ka taɓa rubuta ainihin lambar sirrinka a cikin shirin da za ka tura wa abokai ko malami.

Tambaya ta uku, daga wani malamin Islamiyya a Tafo

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a makarantar Islamiyya, kuma na fara koyon wannan fanni ne domin in sauƙaƙa wa kaina fitar da sakamakon jarrabawa. Na rubuta zagaye da ke bin makin ɗalibai, a ciki na jera if guda huɗu: daga 85 mumtaz, daga 75 jayyid jiddan, daga 65 jayyid, daga 50 makbul. Sai ga yaro mai maki 90 ya fito da daraja huɗu a jere. Ina kuskuren yake? Kuma shin wanda iliminsa bai wuce nan ba zai iya fara koya wa yara?

Amsa

Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. If guda huɗu a jere tambayoyi huɗu ne masu zaman kansu, kowacce ana yin ta ko da an amsa ta baya, kuma gaskiya ne cewa 90 ya kai 85, ya kai 75, ya kai 65, ya kai 50. Abin da Malam yake buƙata tambaya ɗaya ce mai rassa, wadda da zarar reshe guda ya amsa sauran sun faɗi, kuma wannan shi ne aikin elif:

```
for maki in sakamako:
    if maki >= 85:
        print(maki, "mumtaz")
    elif maki >= 75:
        print(maki, "jayyid jiddan")
    elif maki >= 65:
        print(maki, "jayyid")
    elif maki >= 50:
        print(maki, "makbul")
    else:
        print(maki, "bai haye ba")
```

Jerin rassan yana da muhimmanci, domin in aka fara da 50 a sama, duk wanda ya haye zai fito da makbul, har da na ɗaya a aji. Malam ya kuma lura da alamar daidai da ke manne da alamar fifiko. In aka bar ta, yaron da ya ci 85 cif zai faɗa daraja ta ƙasa, kuma wannan haƙƙi ne na ɗan mutane da za a tauye saboda alama guda. Shi ya sa idan za a gwada irin wannan shiri, makin da ya kamata a fara zubawa su ne na kan iyaka, 85 da 84, 50 da 49, da sifili, domin a nan kuskure yake ɓuya, ba a tsakiya ba.

Game da koyar da yara, amsata ita ce e, Malam ya fara. Tun a 1966 wasu masana biyu a Italiya, Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini, suka tabbatar da cewa duk lissafin da shirin kwamfuta zai iya yi ana iya gina shi da abubuwa uku: jera umarni ɗaya bayan ɗaya, zaɓi bisa sharaɗi, da maimaitawa. Wanda ya iya haɗa waɗannan uku ya riƙe ginshiƙin abin. Ga ƙananan yara akwai Scratch, wanda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 kuma kyauta ne, inda umarni yake zuwa kamar tubala masu launi, yaro yana ganin tubalin sharaɗi zaune a cikin bakin tubalin zagaye da idonsa. Inda babu kwamfuta ma darasi ba ya tsayawa. Wata rana an ɗauke mana wuta ana tsakiyar aji, sai na sa kowane ɗalibi ya ja layuka a littafinsa, ya ba kowane ma'aji shafi guda, ya zama shi ne kwamfutar, yana rubuta abin da kowane ma'aji ya riƙe bayan kowane zagaye. Wata yarinya da ta yi mako biyu tana fama da irin matsalar wasiƙar farko ta kai layi na uku, ta ajiye fensir, ta nuna mini da yatsa inda ƙirgarta take komawa sifili, ba tare da na ce mata uffan ba. Tun daga ranar ba na barin ɗalibi ya kunna shirin da ke da sharaɗi cikin zagaye sai ya fara bin sa a takarda da adadi uku ko huɗu, ya rubuta amsar da yake tsammani.

Ga aikin gida ga Malam da sauran masu karatu. A kalandar Miladiyya, bisa gyaran da aka yi mata a 1582, shekara tana da kwana 366 idan 4 ta raba ta ba saura, sai dai shekarun da 100 take rabawa ba sa shiga, in ba waɗanda 400 take rabawa ba. Shi ya sa 2000 ta shiga, 1900 ba ta shiga ba. A rubuta zagaye da zai bi shekaru daga 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai, zuwa 2024, ya ƙirga masu kwana 366. Amsar ita ce 17, kuma wanda ya samu 16 ya tuna cewa range, umarnin da ke samar wa zagayen for jerin adadi, ba ya haɗawa da adadin ƙarshe da aka ba shi, sai an rubuta 2025 kafin 2024 ta shiga. Daga nan a tsawaita zagayen har ya haɗa da shekarar 2100. Amsar ita ce 35, kuma wanda ya samu 36 ya koma ya duba abin da sharaɗinsa ya yi da ita 2100 ɗin.